Bayan Kwalba

Shekara talatin ina buɗe cikin agogo
a rumfata, bakin Tsohuwar Kasuwar Gombe,
gilashi ɗaya maƙale a idon dama,
ina farautar ƙurar da ke tsayar da lokaci.
Duk da haka ban taɓa juya kwalbar magani
na ga me aka rubuta a bayanta ba.

Hajjo ce ta koya mini,
kuma da fatarta ta koya mini.
Shekara shida, ta ƙi tuwo, ta ƙi fura,
uwarta ta ce a sayo mai sa cin abinci.
Na sayo wani ja wur kamar zoɓo,
ga hoton lemo, ga yaro yana dariya.
Cokali ɗaya bayan la'asar.
Kafin isha'i jiki ya tashi,
borin jini daga wuya har idon sawu,
leɓe ya kumbura, tana susa tana kirana.

Muka zargi ƙwai. Muka zargi gyaɗa.
Muka zargi kifin Dadin Kowa
da kawunta Bappa ya kawo ran Laraba,
har sauron Bolari sai da ya sha zagi.
Kwalba kuwa tana kan taga abinta,
ɓarawon da ke taya mu cigiya.

A asibiti likita ba ta yi dogon zance ba.
Ta ce, kawo abin da ta sha.
Ta juya shi, ta ɗora farce kan wani layi
mai siriri kamar sawun tururuwa:
"Wannan rinin, wasu jikin ba sa shiri da shi."
Ta rubuta mana wani fari, marar ado,
yarinya ta sha, ta yi barci.

Daren nan na ɗauko gilashin sana'a.
Sukari ne a gaba, yana jan ayari,
sai ƙamshin lemon da bai taɓa ganin itace ba,
sai rini mai lamba maimakon suna,
sai mai hana ruɓewa, sai ɗigon barasa.
Shi wanda na biya kuɗi dominsa
yana can baya, kamar ɗan rakiya.

Na tuna Goggo Dudu da ciwon sukarinta,
ta daina rake, ta daina shayi mai zaƙi,
amma kullum safe tana shan na ƙarin jini.
Na je na duba. Allah Sarki Goggo,
ta rufe ƙofa, zaƙi ya shigo ta taga.

Na tambayi Yuguda mai kemis:
wannan ɓawon kafso mai sulɓi,
da ƙashin wace dabba aka yi shi?
Ya juya kwali, ya sosa ƙeya,
ya ce, wallahi ban sani ba, amma zan tambayo.
Tun ranar wurinsa nake saye.
Na tasha kuwa, mai lasifika,
mai maganin cuta arba'in a leda ɗaya,
ko rubutun da zan duba babu.

Ban ce a bar magani ba, ni wa?
Da shi Hajjo ta kai yau.
Na dai san sana'ata:
fuskar agogo kowa na iya goge ta,
gaskiyarsa tana ciki, bayan murfi.

Yanzu Hajjo tana aji huɗu.
In na shigo da leda, ita ke tarbata,
ta zare gilashin daga aljihuna,
ta rufe ido ɗaya kamar ubanta,
tana haɗa baƙi, harafi bayan harafi,
ni ina riƙe da cokali,
ina jira ta gama.